Gizon da ba ya saƙa: Maharbin da ke kwanton ɓauna a furannin Salaga, Yendi da Bawku

Daga ƙarshen watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da ciyawa a arewacin Ghana, itatuwan kaɗanya kan kaɗe ganye su fito da fure mai ƙamshi. Daga dazukan da ke kewaye da Salaga, zuwa gonakin Yendi, har can Bawku kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, da sanyin safiya za ka ji ƙugin ƙudan zuma a kan rassa. A daidai wannan lokaci ne kuma masu noman rani ke barin wani sashe na albasarsu ya yi kai, ya fitar da farin fure, domin samun irin baɗi.

Duk inda ƙwari suka taru haka, akwai mai jiran su. Wani ɗan ƙaramin gizo-gizo ne da girmansa bai wuce ƙwayar masara ba. Yana zaune cikin furen, ya ware ƙafafunsa na gaba kamar mai shirin rungumar baƙo, ba ya ko motsi. Mafi yawan manoma sun sha wuce shi ba su lura ba. Wanda ya gan shi kuwa, galibi ya same shi ne riƙe da ƙudan zuma a baki, sai ya yanke hukuncin cewa ai ga ɓarawon zuma nan, ya murtsuke shi.

Abin tambaya a nan shi ne, wannan halitta abokin gabar manomi ne ko kuwa ɗan aikinsa ne da ba a biya? Amsar ta shafi man kaɗe, ta shafi irin albasa, ta shafi wake da kabewa, wato abubuwan da gidaje da dama a wannan yanki ke ci su kuma sayar.

Wane ne shi?

Masana kimiyya sun ƙididdige nau'o'in gizo-gizo sama da 50,000 a duniya. A cikinsu akwai wani dangi da ake kira Thomisidae, mai nau'o'i fiye da 2,000. Turawa sun laƙaba musu sunan ƙaguwa saboda siffarsu: jiki a shimfiɗe, ƙafafu huɗu na gaba sun fi na baya tsawo da ƙarfi, sannan idan aka taɓa su sai su zame ta gefe ko da baya, daidai yadda ƙaguwa ke yi a bakin kogi. Wasu 'yan dangin suna zama ne a ɓawon itace ko cikin busassun ganye a ƙasa. Wasu kuma, musamman na reshen da ake kira Thomisus, wanda ke da yawa a nahiyar Afirka, fure suka mayar gida. Su ne za mu kira gizon fure.

Gane shi ba wuya idan an san abin da ake nema. Yawanci fari ne, ko rawaya, ko mai ɗan ja-ja. Bayansa na da kusurwa biyu, a goshinsa kuma akwai wasu 'yan tsinaye kamar ƙahonni, inda wasu daga idanunsa takwas suke. Wadda ake yawan gani ita ce macen, don ita ce babba, tsawonta kan kai kusan santimita ɗaya. Namijin kuwa ɗan mitsitsi ne, bai fi ƙwayar dawa ba, launinsa ya fi duhu.

Bahaushe ya san gizo-gizo ne da saƙa, har ma da intanet ta zo sai ya raɗa mata suna yanar gizo. To shi wannan gizon ba ya kafa yana don kamu. Yana da zare kamar sauran 'yan'uwansa, amma igiyar tsira ce yake ja a baya, ko da zai suɓuce daga fure, sai kuma naɗe ƙwai. Farautarsa duk ta haƙuri ce.

Yadda yake kamu

Da farko yakan zaɓi furen da ke da ciniki, wato wanda bai daɗe da buɗewa ba, mai ruwan zaƙi da yawa. Sai ya kafe da ƙafafunsa huɗu na baya, ya buɗe na gaba, ya yi lamo. Yana iya shafe yini guda a haka, wani lokaci kwanaki a kan kan fure ɗaya. Idanunsa sun fi ƙwarewa wajen gane motsi na kusa, gashin jikinsa kuma na jin girgizar furen da zarar wani abu ya sauka.

Idan ƙudan zuma ya sauka ya cusa kai yana tsotso, nan ne damar take. Gizon zai rufe ƙafafu a kansa farat ɗaya, ya kafa masa haƙora a wuya, bayan kai. Wurin nan kusa yake da jijiyoyin da ke sarrafa jikin ƙwaro, saboda haka dafin kan kama shi da wuri, sannan harbin ƙudan yana can ƙarshen jiki, ba zai kai ga gizon ba. Da wannan dabara ce yake kayar da abin da ya ninka shi girma: ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi, manyan ƙudaje, wani lokaci har rina.

Ba ya tauna. Ta ɗan hujin da ya yi yake zuba ruwan narkar da abinci, ya jira cikin ƙwaron ya narke, sannan ya tsotse. Idan ya gama sai ya saki ƙwanson, wanda a ido kamar babu abin da ya same shi. Shi ya sa idan ka ga ƙudan zuma a kan fure ya sandare, kai a ƙasa, ko an girgiza reshe bai tashi ba, duba da kyau, akwai mai riƙe da shi. Sau da yawa ma za ka ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje sun yanyame gawar suna lasa. 'Yan cin arziki ne, warin ƙudan da aka kama ke kiran su.

Hawainiyar cikin fure

Abin da ya fi jan hankalin masana game da gizon fure shi ne rikiɗa. Macen wasu nau'o'in na iya sauya launi daga fari zuwa rawaya, ta kuma dawo. Sai dai ba irin ta hawainiya ba ce da ake yi cikin mintoci. Asalin farin yana fitowa ne daga wani sinadari da ke ƙarƙashin fatarta, rawayan kuma sai jikinta ya haɗa shi ya tura sama. A nau'in Misumena vatia, na Turai da Arewacin Amurka, wanda aka fi yin nazari a kansa, komawa rawaya kan ci kwana 10 zuwa 25, dawowa fari kuma kamar mako guda.

An daɗe ana ɗaukar cewa don ta ɓuya wa ƙudan zuma take wannan rikiɗa. Bincike ya nuna lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin idon ƙudan zuma daban yake da namu. Yana ganin wani haske na rana da ake kira UV, wanda idon ɗan Adam ba ya gani, kuma furanni da yawa suna da zane na wannan haske da ke nuna masa inda zaƙi yake.

A shekarar 2003, Astrid Heiling da Marie Herberstein da Lars Chittka sun wallafa wani bincike a mujallar Nature kan wani farin gizon fure na ƙasar Ostareliya. A idon mutum ya saje da farin furen da yake kai. A idon ƙudan zuma kuwa ƙyalli yake yi da hasken UV, kuma maimakon ƙudan su guje shi, sai suka fi sauka a furen da yake zaune. Wato ya mayar da jikinsa tallar haja. Ganin kitse suke yi wa rogo.

A wani bincike da aka wallafa a 2010 kuma, wasu masana sun sa kyamara a kan furanni a ƙasar Suwizalan, suka ɗauki dubban saukar ƙwari. Sai suka tarar gizon da ya saje da furensa bai fi wanda bai saje ba yawan kamu. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa sajewar na taimaka masa wajen ɓuya wa tsuntsayen da ke neman cinye shi. Binciken ya fito da wani abu da ya kamata mai kiwon zuma ya riƙe: cikin ƙwarin da suka sauka a furen da ke da gizo, waɗanda aka kama ba su kai biyar cikin ɗari ba. Galibi dai gizon da yunwa yake wuni.

Su ma ƙudan ba wawaye ba ne

A Jami'ar Queen Mary da ke Landan, Thomas Ings da Lars Chittka sun ƙera furannin roba da gizon roba a wani bincike da suka wallafa a 2008, suka haɗa da wata na'ura mai matse ƙudan na ɗan lokaci ta sake shi. Ƙudan da suka taɓa shan matsa sun koyi darasi. Kafin su sauka sai sun tsaya a iska suna leƙen furen, wani lokaci ma su ƙi furen da babu komai a cikinsa, don tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wasu binciken sun nuna ƙudan zuma na ƙaurace wa furen da suka ga gawar ɗan'uwansu a kai, kuma idan suka koma amya ba su cika yi wa sauran tallar wurin ba.

Ke nan tasirin gizon bai tsaya ga abin da ya ci ba, har da waɗanda ya tsorata. Amma tsoratarwar ta kan fure ɗaya ce ko biyu. Ƙudan da ya ƙi wannan, na kusa da shi zai sauka.

Rayuwar gida

Masanin da ya fi kowa daɗewa a kan wannan halitta shi ne Douglass Morse na Jami'ar Brown a Amurka, wanda ya shafe shekaru da dama yana bin su fure-fure. Ya nuna cewa yawan ƙwan da macen za ta saka ya dogara ne ga yawan abin da ta ci bayan ta balaga. Wadda ta dace da fure mai ciniki za ta yi ƙiba, ta saka ƙwai da nauyinsu ya haura rabin nauyinta. Wadda ta zauna a furen da ba a zuwa tana iya mutuwa ba ta saka ko ɗaya ba.

Idan lokaci ya yi, sai ta lanƙwasa ganye, ta ɗinke shi da zare, ta ajiye ƙwan a ciki, ta hau kai tana gadi. A wannan zama ba ta cika cin abinci ba, takan rame, kuma sau da yawa ba ta daɗewa bayan 'ya'yan sun fito. Su kuwa 'ya'yan, kowanne zai hau tsinin ganye, ya saki siririn zare, iska ta ɗauke shi zuwa wata gona. Kafin su iya kamu, ƙananan kan rayu da garin fure da ruwan zaƙinsa. Shi namijin, da ya balaga yawo yake yi yana bin zaren da mata suka bari, yana ɗan lasar zaƙin fure don samun ƙarfi.

Maƙiyansa ma ba kaɗan ba ne: tsuntsaye, ƙadangaru, sai kuma zanzaro. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan ginin laka da zanzaro ke yi a jikin bangon ɗaki ya ga gizo-gizo a cunkushe ciki. Ba matattu ba ne, harbin su ya yi suka sume, ya ajiye wa tsutsarsa abinci. Gizon fure na cikin waɗanda ake tararwa a wurin.

Lissafin riba da asara

Yanzu mu dawo gona. Tun zamanin da fataken Kano da Katsina ke bin hanyar Gwanja, suna yada zango a Yendi kafin su isa kasuwar goro ta Salaga, man kaɗe na cikin kayan da ake ciniki a wannan ƙasa. Har yau mata ne ke fita da asuba a farkon damina su tsinto 'ya'yan kaɗanya, kuma da kuɗin ake toshe ƙofofi da yawa a gida kafin amfanin gona ya nuna. Muhimmancinta ya sa dokar da ta kafa Hukumar Bunƙasa Itatuwan Kuɗi ta Ghana a 2019 ta sanya kaɗanya cikin itatuwa shida da hukumar za ta kula da su, tare da mangwaro da kashu.

Kaɗanya kuwa tana buƙatar ƙwari. Wani bincike da aka wallafa a 2018, wanda aka gudanar a arewacin Ghana da kudancin Burkina Faso, da sa hannun Farfesa Jane Stout ta Kwalejin Trinity a Dublin da Farfesa Peter Kwapong na Jami'ar Cape Coast, ya tabbatar da cewa furen da ƙwari suka ziyarta ya fi wanda aka rufe musu ɗaukar 'ya'ya sosai. Manyan masu wannan aiki su ne ƙudan zuma da ƙananan 'yan'uwansu marasa harbi, waɗanda Hausawa ke kira galla. Haka abin yake ga albasar da Bawku ta yi suna da ita: kan furenta ba zai cika da iri ba sai ƙudan zuma da ƙudaje sun yi ta zirga-zirga a kai. Kabewa da kankana kuwa furen namiji daban, na mace daban, dole sai an samu mai ɗaukar garin daga wannan zuwa wancan.

To tunda gizon fure na cin waɗannan ma'aikata, ba asara ba ce? Asarar akwai, amma a duba girmanta. Amya mai ƙarfi na ɗauke da dubban ma'aikata, sarauniyarsu na iya saka ƙwai sama da 1,000 a rana idan fure ya wadata, kuma ma'aikaciya ɗaya ba ta wuce 'yan makonni a duniya lokacin aiki. Gizon da ya kama ƙuda ɗaya zai daɗe yana tsotsonsa, wataƙila ma sai bayan kwanaki ya sake dacewa. Abin da yake ɗiba bai kai a ji a jikin amya ba.

A ɗaya ɓangaren kuma, ba ya zaɓen abinci. Duk abin da ya ratso ta furen nasa ne, har da tsutsotsin da ke cin fure da ƙananan ƙwarin da ke tsotse shi. A 2004, masana a Brazil sun gano cewa wata shuka da gizon fure ke zama a kanta ta fi wadda babu shi samun lafiyayyen iri, domin ya rage masu ɓarna. A 2018 kuma Anina Knauer da Florian Schiestl na Jami'ar Zurich suka nuna wani abin mamaki: akwai wani ƙamshi da fure ke fitarwa wanda ke kiran ƙudan zuma, shi ne kuma ke kiran gizon. Idan tsutsa ta fara cin furen, sai shukar ta ƙara yawan ƙamshin, gizon ya zo ya cinye tsutsar. Kamar dai shukar ce ke kiran mai gadi.

Manoman wake a yankin Bawku sun san ciwon da ake magana. Tsutsar maruka da ke huda fure da kwanson wake, da 'yan mitsitsin ƙwarin da ke sa fure ya zube, su ne ke cinye wahalar shekara. Cibiyar Binciken Noma ta Savanna, wato SARI, mai hedikwata a Nyankpala da reshe a Manga kusa da Bawku, ta daɗe tana aiki a kan su. Gizon fure shi kaɗai ba zai raba manomi da su ba, amma yana cikin rundunar masu cin ƙwari da ke rage su kyauta. Wani ƙiyasi na 2017 ya ce gizo-gizon duniya baki ɗaya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu duk shekara.

Inda haɗarin yake

Abin da ke kashe ƙudan zuma da yawa a lokaci guda yana cikin tankin feshi. Maganin ƙwari irin mai kashe komai, idan aka fesa shi da hantsi a kan gonar da ke cikin fure, ba ya tambayar wane ne mai ɓarna, wane ne mai amfani. Zai kwashe ƙudan zuma da galla da gizon fure gaba ɗaya. Kuma masu ɓarnar sun fi saurin hayayyafa, saboda haka su ne ke fara dawowa, su tarar babu mai tare su. Daga nan sai manomi ya ƙara sayen magani.

Na biyu shi ne wutar daji. Ƙunar da ake yi a tsakiyar rani, don farauta ko neman sabuwar ciyawa, kan faɗo daidai lokacin da kaɗanya ke fure. Tana babbake furen, ta kori ƙudan, ta cinye ciyayin da gizo-gizo ke ɓoye ƙwansu. Ghana na da dokar hana ƙunar daji tun 1990, amma duk rani sai an ga hayaƙi a gefen hanya. Ga kuma saran kaɗanya don gawayi, itacen da kan shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Idan feshi ya zama dole, kamar a gonar wake, a bari sai da yamma lis bayan ƙudan sun koma, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a nemi shawarar malamin gona kan lokacin da ya dace maimakon fesawa duk mako. Albasar da aka bari don iri, a ɗaga mata ƙafa muddin furenta na buɗe. A bar ɗan layin ciyayi masu fure a kan iyakar gona, a kuma share kewayen itatuwan kaɗanya da ɗorawa tun kafin ciyawa ta bushe ƙayau.

Batun tsoro

Saura magana ɗaya da ke sa mutane kashe duk gizo-gizon da suka gani. A ƙasar Hausa idan ƙuraje masu ruwa suka feso a jiki, sai a ce fitsarin tautau ne. A kudancin Ghana ma akwai ciwon fatar da ake kira da sunan Ananse, wato gizon tatsuniyoyin Akan, takwaran Gizo na Ƙoƙi. Likitoci sun bayyana cewa irin waɗannan ƙuraje kan fito ne daga ƙwayar cutar da ke kwance a jiki tun bayan ƙarambau, ko daga wasu ƙananan ƙwari masu ruwa mai ƙuna idan aka murje su a fata. Gizon fure ba shi da hannu a ciki. Dafinsa na ƙwari ne, ba ya cikin masu yi wa mutum illa, kuma idan aka kai masa hannu zamewa yake yi ƙarƙashin furen.

Mai son ganinsa ya fita da safe lokacin da fure ya buɗe, ya duba furen kuɓewa, ko na kabewa, ko kan albasa, ko rawayan furannin gefen hanya a ƙarshen damina. A nemi ƙudan da ya sandare, ko 'yan ƙwansuna a kan ganyen da ke ƙasa. Malaman makarantun Salaga da Yendi da Bawku na iya kai ɗalibai lambu su ga wannan darasi ba tare da sayen ko na'ura ɗaya ba. Manomin da ya tarar da shi a gonarsa kuwa ya ƙyale shi, domin ba ya zama sai inda ƙwari ke zuwa fure, kuma zuwan nasu ne ke cika kwandon kaɗanya da buhun iri.